Neman Shawara: Kwana Huɗu Ni Kaɗai Tsakanin Kuala Lumpur da Genting

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wurin aikinmu zai tura ni Malesiya wani taron ƙara wa juna sani na mako guda a Kuala Lumpur, kuma na nemi a ɗage mini ranar dawowa, don haka zan samu kwana huɗu na kaina, daga Alhamis zuwa Lahadi, bayan abokan tafiyata sun juyo gida. Ban taɓa zuwa nahiyar Asiya ba in ban da aikin Umara da na yi sau ɗaya, shi ma a cikin ayari, saboda haka yawo ni kaɗai a ƙasar da ban san kanta ba sabon abu ne a gare ni. Abubuwa uku nake son shawara a kansu. Ina son in hau tsaunin Genting in ga wurin wasannin da ake ta yabo, amma ban sani ba ko in kwana a can ko in je in dawo a yini ɗaya, kuma ko babba mai shekara 38 zai ji daɗin irin wannan wuri ba tare da iyali ba. Sannan uwargida da ƙannena sun rubuto mini jerin tsaraba, yawanci hijabai da yadi da turare, ina neman kasuwar da ba za a yi mini tsadar baƙunta ba. Na uku kuma, wani abokin aikina ya ce wanda ya je Genting bai leƙa gidan cacar da ke can ba bai ga komai ba. Ni ba na caca kuma ba ni da niyyar farawa, sai dai na yi tunanin shiga don ganin ido kawai. Duk wanda ya san wurin ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Amsa daga wani ɗalibi da ke karatu a Gombak:

Wa'alaikumus salam Yaya. Shekarata ta uku ke nan a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, wadda take a gindin hanyar da ke hawa Genting, kuma na raka baƙi can fiye da sau biyar. Shawarata ita ce ka je ka dawo a yini ɗaya, kuma ka zaɓi Alhamis, domin Asabar da Lahadi mutanen birni da na Singafo suna cika tsaunin har layin wasa ɗaya ya cinye maka awa guda. Akwai bas da ke tashi daga KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta Kuala Lumpur, zuwa tashar Awana, tafiyar kamar awa ɗaya ce, kuma yana da kyau ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tun da wuri, saboda kujerun yamma su ne suke fara ƙarewa. Daga Awana za ka shiga motar igiya mai suna Awana SkyWay, wadda ke ɗaukar mutane ta saman daji har ƙolin tsauni cikin kimanin minti 10. A ganina wannan hawan ya fi yawancin wasannin da za ka biya kuɗi a sama daɗi, musamman idan gajimare ya sauko ka ga motar ta kutsa cikinsa daji ya ɓace a ƙarƙashinka.

Tsaunin ya kai kusan mita 1,800, don haka kada zafin Kuala Lumpur ya ruɗe ka ka tafi da riga mai shara-shara. Ka riƙe rigar sanyi marar nauyi da laima. Wuraren wasa biyu ne a can: Genting SkyWorlds, wanda yake a fili kuma aka buɗe shi a 2022, da Skytropolis da ke cikin gini. Na filin ya fi girma da ban sha'awa, amma ruwan sama a ƙasar nan ya fi sauka bayan azahar, kuma da an fara tsawa ake tsayar da manyan lilo, saboda haka ka isa da hantsi ka fara da waɗanda ka fi so. Game da zuwa kai kaɗai, babu mai kallonka. Abin da kawai za ka rasa shi ne mai riƙe maka jaka da mai ɗaukar ka hoto, kuma akwai akwatunan ajiya na haya.

Amsa daga wani dattijo a cikinmu:

Ɗana, zan tsaya a kan tambayarka ta uku, domin ita ce ta fi damuna. Ka ce ganin ido kawai za ka yi, kuma na yarda da niyyarka. Amma Allah da ya ambaci giya da caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya umarce mu da mu nisance su, nisanta kuwa ta wuce barin aikatawa kawai. Waɗannan gidaje an gina su ne da lissafi: kowane wasa an tsara shi yadda mai gida ke da rinjaye, ta yadda idan aka daɗe ana bugawa kuɗin jama'a wurinsa yake komawa, kuma fitilu da ƙarar injuna an shirya su ne don wanda ya shigo kallo ya ji sha'awar gwada ɗan canjin da ke aljihunsa. Na san wani ɗan kasuwa da muka yi tafiya tare shekarun baya, a wata ƙasa dabam, wanda ya shiga da irin wannan magana taka, washegari sai da muka haɗa masa kuɗin otal. Baƙon da yake shi kaɗai, da guzurinsa duka a jikinsa, ba shi da wanda zai ja masa hannun riga. Ka bar wa abokin aikinka wannan kallon.

Ɗalibin Gombak ya ƙara da cewa:

Baba ya yi gaskiya, kuma akwai ɓangaren doka da ya kamata Yaya ya sani. Gidan cacar Genting shi kaɗai ne mai lasisi a duk faɗin Malesiya, an haramta wa Musulmin ƙasar shiga, haka ma duk wanda bai kai shekara 21 ba, kuma akwai masu gadi a ƙofa da ke iya neman shaidarka. Kai da fasfo mai ɗauke da sunan Musulmi, me zai kai ka tsayawa ana yi maka tambayoyi a bakin ƙofar caca a ƙasar mutane? Kuma ba sai ka bi ta cikinsa ba kafin ka kai ko'ina. Motar igiyar tana sauke mutane ne a rukunin kantuna na SkyAvenue, daga nan alamomi za su kai ka wuraren wasa da na abinci, ƙofar gidan cacar kuwa dabam take. Akwai ɗakin salla, wanda suke kira surau, ka tambayi kowane ma'aikaci zai nuna maka.

Amsa daga wata 'yar kasuwa mai saro kaya:

Malam, ni batun tsaraba zan yi magana a kai, domin shi na sani. Kowa zai ce maka ka je Petaling Street, unguwar 'yan Sin, kuma ka je ɗin don kallo, amma ba can ne wurin kayan uwargida ba. Abin da ya cika wurin agoguna ne da jakunkuna da takalma masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni alhali kwaikwayo ne, kuma farashin farko da za a faɗa maka na baƙo ne. Na taɓa sayen jaka a hannun wani mai tebur a can, kafin in iso Kano hannunta ya tsinke. Wurin da za ka nufa shi ne Jalan Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman, tituna biyu da ke maƙwabtaka, ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek ka taka da ƙafa. Nan ne matan ƙasar suke sayen nasu hijabin, wanda suke kira tudung, da doguwar rigar salla ta mata mai suna telekung, wadda na tabbata uwargida za ta fi murna da ita fiye da komai, domin tana da laushi kuma ba ta da nauyi a akwati. Manyan shagunan yadi irin su Jakel da Kamdar suna wannan yanki, farashinsu a rubuce yake, kuma da mita suke aunawa, don haka ka tambayi masu saƙon ko yadi nawa suke so ka yi lissafinka tun daga gida. Mita ta ɗan fi yadi tsawo.

A wurin masu tebur ana ciniki, amma ba irin namu na Kantin Kwari ba inda za a yi ta ja-in-ja ana rantse-rantse. Su mutane ne masu sanyin murya, idan ka ɗaga harshe sai mai kaya ya kau da kai ya ƙyale ka. Ka nemi ragi cikin fara'a, ka haɗa guda biyar ko goma a wuri ɗaya, nan ne ragin yake fitowa. Ranar Asabar da yamma ana cin kasuwar dare a layin da ke bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman, ta fi kowace rana cika da kaya da abinci, sai ka ajiye sayayyarka zuwa ranar. Idan kana son ƙananan kayan ado da atamfarsu ta batik don abokan aiki, ka shiga Central Market da ke kusa da tashar Pasar Seni, tsohon gini ne na 1937 da aka mayar kasuwar kayan hannu, akwai sanyi a ciki amma farashi ya ɗan ɗaga. Turare kuwa, gaskiya idan ka taɓa zuwa Makka ba za ka ga abin mamaki a nan ba, kuma kwalabe suna cin kilo. Ka duba nauyin da tikitinka ya ba ka kafin ka fara saye, domin kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi yana iya fin kuɗin tsarabar.

Amsa daga wani malamin jami'a da ya yi digiri na uku a can:

Ɗan'uwa, ina da saɓanin ra'ayi kaɗan da ƙaninmu na Gombak game da kwana. Otal ɗin First World da ke kan tsaunin yana da ɗakuna sama da 7,000, yana cikin mafi yawan ɗakuna a duniya, kuma a tsakiyar mako ƙananan ɗakunansa ba su da tsada. Wanda ya kwana yana samun sanyin asuba da hazon da ke rufe gine-gine, abin da mai zuwa ya dawo ba zai gani ba. Amma tunda washegarin Alhamis Juma'a ce, na yarda ka sauko, domin bai kamata ka rasa sallar Juma'a a Masjid Negara ba, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965. Lokacin azahar a can yana shiga ne bayan ƙarfe ɗaya, ka isa da wuri. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana Bismillah, kuma a sallar asuba suna yin alƙunutu a bayyane bayan ruku'u da hannuwa a ɗage, kada hakan ya rikita ka. Daga masallacin taku kaɗan ne zuwa Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci, inda za ka ga tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya. Ni na fi ƙaunar wannan wuri fiye da duk wani lilo. Da daddare ka je gindin tagwayen benen Petronas, masu tsawon mita 452, ka ga hasken wutarsu. Idan kana son hawa gadar da ta haɗa su, tikitin yana da ƙayyadadden lokaci kuma yana ƙarewa, sai ka saya ta intanet tun kwanaki kafin ranar.

Sunway Lagoon ma wurin wasa ne babba a wajen birni, amma yawancinsa wasan ruwa ne, ya fi dacewa da mai yara, ban ga amfaninsa gare ka ba bayan ka je Genting. Abinci ba matsala ba ne, ka nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, ko ka shiga gidajen abincin Musulmin Indiya da ake kira mamak ka ci wata irin gurasa mai suna roti canai da shayin madara mai kumfa da suke kira teh tarik. A Petaling Street da titin masu sayar da abinci na Jalan Alor ne za ka yi hattara, domin akwai masu sayar da naman alade.

Amsa daga wani ma'aikacin kamfanin shirya tafiye-tafiye:

Ranka ya daɗe, ka tabbata bizarka ta rufe waɗannan kwana huɗu na ƙari, kuma otal ɗin da za ka zauna bayan taro yana cikin takardunka, domin jami'in shige da fice yana iya tambaya. Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma cike takardar isowa ta intanet da ake kira MDAC cikin kwana uku kafin saukarka. Kada ka dogara da katin bankin naira. Ka tafi da dala ka canza zuwa ringit a wurin masu canji na cikin gari, sun fi na filin jirgi farashi. Ka sauke manhajar Grab don kiran mota, ka sayi katin Touch 'n Go don jiragen cikin birni. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum, jakarka kuma ka rataya ta ɓangaren da ba na titi ba saboda masu fizge a kan babur, kuma ka tuna ta hagu suke tuƙi, sai ka fara duban dama kafin ka tsallaka. Abu na ƙarshe, kada ka karɓi saƙon kowa, zuwa ko dawowa, in ba ka buɗe ka ga abin da ke ciki ba, ko da ɗan garinku ne, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Malesiya yana iya kaiwa ga kisa.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji kuma na karɓa, batun leƙen ya fita daga lissafina. Alhamis zan hau Genting da bas ɗin safe in dawo da yamma, Juma'a masallaci da gidan kayan tarihi, Asabar kasuwa, Lahadi kuma jirgina na dare ne, zan bar ta don ɗaure kaya. Hajiya, uwargida ta ga amsarki ta ce telekung biyu take so, fara da mai ruwan toka. Ƙanena na Gombak, idan ba ka da lacca ranar Alhamis ɗin, kuɗin bas da na motar igiya a kaina, ka zo ka riƙe mini jakar.