Muhawara: Shin fifikon da Malesiya ta ba Malayawa a kan jikokin Sinawa da Indiyawa adalci ne?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne fifikon da kundin tsarin mulkin Malesiya ya ba Malayawa bai kamata a kira shi wariyar ƙabila ba, domin yarjejeniya ce da shugabannin ƙabilun uku suka ƙulla da idonsu biyu kafin samun 'yancin kai a ranar 31 ga Agusta 1957. A zamanin mulkin Ingila ma'aikata suka kwararo daga waje, Sinawa zuwa ramukan haƙar kuza na Perak da Selangor, Indiyawa kuma, galibinsu 'yan ƙabilar Tamil, zuwa gonakin roba da aikin layin dogo, aka bar Malayawa a ƙauye suna noman shinkafa da kamun kifi. Da lokacin miƙa mulki ya gabato, jam'iyyar UMNO ta Malayawa ƙarƙashin Tunku Abdul Rahman da MCA ta Sinawa da MIC ta Indiyawa suka daidaita a kan cewa baƙi da 'ya'yansu za su zama 'yan ƙasa, Malayawa kuma za su sami sashe na 153 na kundin tsarin mulki, wanda ya ɗora wa Sarkin ƙasar kare matsayinsu na musamman a aikin gwamnati da tallafin karatu da lasisin kasuwanci. Wanda ya karɓi rabonsa a ciniki ba ya dawowa daga baya ya ce an cuce shi.

Hajiya Bilkisu: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, yaron da aka haifa bara a birnin Ipoh bai halarci wannan cinikin ba, haka ma ubansa. Kwamitin Reid, wanda ya tsara daftarin kundin, ya ba da shawarar a sake duba wannan fifiko bayan shekara 15, amma aka cire wa'adin, sannan a 1971 aka gyara doka yadda tayar da tambaya a kan sashe na 153 ya zama laifin tunzura jama'a. Yarjejeniyar da aka hana jikoki tattaunawa a kanta ta zama hukuncin da aka yanke musu. Kuma ban yarda da kiransu baƙi ba. Sinawan Baba-Nyonya da Indiyawan Chitty suna zaune a birnin Melaka tun ƙarni na 15, alhali sashe na 160 ya bayyana Bamalaye da cewa Musulmi ne mai magana da harshen Malay, mai bin al'adarsu, wanda shi ko kakanninsa suke ƙasar kafin 'yancin kai. Saboda haka jikan mutumin da ya ƙetaro daga tsibirin Java a farkon ƙarni na 20 ɗan gida ne, wanda kakanninsa suka riga shi zuwa da ɗaruruwan shekaru kuwa har yau ɗan siyasa zai iya tsayawa a bainar jama'a ya kira shi pendatang, wato ɗan zuwa, ya ce ya koma inda ya fito.

Alhaji Garba: Hajiya, ina tare da Malam Nasiru, kuma dalilina shi ne ranar 13 ga Mayu 1969. Kwana uku bayan zaɓe rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur, alƙaluman gwamnati suka ce mutum 196 sun mutu, aka dakatar da majalisa. A 1970 kusan rabin magidantan zirin Malaya, wato ɓangaren yammacin ƙasar, suna cikin talauci, yawancinsu Malayawa, kuma abin da Malayawa suka mallaka na hannun jarin kamfanoni bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Wace al'umma ce za ta zauna lafiya tana ganin ita ce mafi yawa kuma ita ce mafi talauci a ƙasar kakanninta? Sabon tsarin tattalin arziki da Firayim Minista Tun Abdul Razak ya ƙaddamar a 1971, da burin kai rabon Bumiputera, wato Malayawa da sauran ƙabilun da ake ɗauka 'yan asalin ƙasa, kashi 30 cikin 100 na hannun jarin kamfanoni, shi ya samar da likitoci da injiniyoyi daga 'ya'yan manoma. Sannan har gobe akwai makarantun firamare na harshen Sinanci da na Tamil da gwamnati take tallafa wa, abin da ƙasashe da yawa ba su yi wa tsirarunsu ba.

Dakta Aminu: Ranka ya daɗe Alhaji, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma akwai ɗaya da ya kamata a ɗora a kai: a wannan shekarar ta 1970, sama da kashi 60 cikin 100 na hannun jarin yana hannun 'yan ƙasashen waje, musamman kamfanonin Ingila. Mai tatsar roba na Tamil, wanda yake fita da asuba da wuƙarsa da fitila a goshi yana tsaga bawon itace, ba shi da ko sisi a ciki, amma tsarin ya jefa shi a layi ɗaya da attajirai saboda sunan kakansa.

Na yi karatu a ƙasar, kuma ban taɓa rasa mutunci a wurin Malayawa ba, shi ya sa abin yake damuna. Jami'ar UiTM ta Bumiputera ce kaɗai a matakin digirin farko, kuma a shirin share fagen shiga jami'a na gwamnati kashi 90 na gurabe nasu ne, 10 na sauran jama'a. Rangwamen sayen gida da ake yi wa Bumiputera bai tsaya a kan gidan talaka ba, har mai sayen katafaren gida yana samu. Maƙwabciyata a unguwar da na zauna, wata dattijuwa 'yar Tamil, an haife ta a gonar roba, iyayenta ba su yi mata rajistar haihuwa ba, ta tsufa tana riƙe da jan katin shaida na mazaunin dindindin maimakon shuɗi na ɗan ƙasa. Ba ta taɓa taka Indiya ba, kuma ba ta taɓa jefa ƙuri'a a ƙasar da aka binne cibiyarta ba. Irin wannan ƙorafi, haɗe da rushe wuraren ibadarsu, shi ya fito da dubban Indiyawa kan titi a zanga-zangar da Hindraf, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan Hindu, ta shirya ranar 25 ga Nuwamba 2007, aka tarwatsa su da barkonon tsohuwa, daga baya aka tsare shugabanninsu biyar ba tare da shari'a ba. Masu hali kuwa ficewa suke yi: Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2011 cewa kimanin 'yan Malesiya miliyan 1 suna zaune a waje, mafi yawansu a Singafo, kuma galibin na can Sinawa ne.

Malama Zainabu: Iyayena da yayyena, ina magana ne daga zangon Kumasi, inda ba mu buƙatar a fassara mana wannan ciwo. A Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutanen zango da yawa da aka haifa a nan suka hau mota zuwa garuruwan da ba su sani ba. Ni kaina an taɓa tsayar da ni a wani ofishi ana tambayata ainihin garinmu bayan na faɗi inda aka haife ni da mahaifina. Malam Nasiru, idan ka yarda jikan Basine ɗan ƙasa ne mai daraja ta biyu a jihar Penang ta Malesiya, da wace hujja za ka kare ni?

Malam Nasiru: Ƙanwata Zainabu, Allah ya huce zuciyarki, amma lamarin biyu ba ɗaya ba ne. Malesiya ba ta loda Sinawa da Indiyawa a mota ta kai su iyaka ba. Suna zaɓe, suna riƙe da muƙaman minista, kuma ƙidayar 2020 ta nuna Sinawa kashi 23 ne na 'yan ƙasa, Indiyawa kusan kashi 7. Na amince dattijuwar da Dakta ya ambata an tauye mata haƙƙi, kuma wajibi ne a gyara. Sai dai masu neman a soke sashe na 153 su tuna abin da ya faru a 2018, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Mahathir ta yi niyyar sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da wariyar launin fata: adawar Malayawa ta sa ta janye a watan Nuwamba, duk da haka dubun dubatar mutane suka yi gangami a Kuala Lumpur ranar 8 ga Disamba. Gyara sashen kuma yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisa da yardar Majalisar Sarakuna.

Hajiya Bilkisu: Malam, ban ce a soke shi gobe ba. Sashen da kansa ya umarci Sarki ya kare halastattun buƙatun sauran al'ummomi, kuma rabon 90 da 10 ba a rubuce yake a kundin ba, tsarin ma'aikatar ilimi ne da za a iya sauyawa ba tare da an tara sarakuna ba. Idan aka auna tallafi da abin da iyaye suke samu, 'ya'yan manoman Malayawa na jihohin Kelantan da Terengganu ne za su fi kowa amfana saboda yawansu, ɗan mai tatsar roba zai shiga, haka ma 'ya'yan ƙabilun Orang Asli, waɗanda suka riga kowa zama a zirin amma sashe na 153 bai ambace su ba. Wanda zai fita daga layi shi ne ɗan attajiri, kuma ina so Alhaji Garba ya gaya mana dalilin da zai sa a ci gaba da yi masa rangwame.