Me “prevent” ke nufi a Littafi Mai Tsarki na Turanci, fassarar King James?

Rifkatu: Salama gare ku. A 1 Tasalonikawa 4:15 an ce rayayyu “shall not prevent them which are asleep”. Wato ba za mu hana matattu tashi ba ke nan? Yaya mai rai zai hana matacce tashi tun farko?

Malam Ishaya: 'Yar'uwa, babu maganar hani a wurin. A Turancin 1611, shekarar da wannan fassara ta fito, “prevent” na nufin riga wani ko shan gabansa. Asalinta Latin ne: “prae” gaba, “venire” zuwa. Bulus yana kwantar wa masu makoki hankali ne cewa waɗanda suke raye ranar dawowar Ubangiji ba za su riga waɗanda suka yi barci ba. Aya ta 16 ta ƙarasa zancen, matattu cikin Almasihu su ne za su fara tashi. Da aka yi wa Sabon Alkawari gyara a 1881, sai aka sa “precede”.

Baba Bitrus: Haka ne, Malam. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen tafinta, mai wa'azi ya karanta Turanci, tafinta ya ce “hana”. A Matiyu 17:25, bayan masu karɓar haraji sun tare manzo Bitrus a Kafarnahum, ya shiga gida, sai aka ce Yesu “prevented him”. Ba hana shi magana ya yi ba, riga shi buɗe baki ya yi. Haka Zabura 119:147, mutum ba ya hana alfijir ketowa, riga shi tashi ya yi don addu'a.

Ladi: Baba, a ƙara da cewa a Tsohon Alkawari “riga” ba ta zama daidai ko'ina. Kalmar Ibranancin ita ce “ƙadam”, dangin Larabcin da ya ba mu “muƙaddima”, kuma tana ɗaukar ma'anar tarye. A Zabura 21:3 Allah ya taryi sarki da albarka, amma a 18:18 maƙiya ne suka tare mai zabura ranar masifa. Rifkatu, ki nemi lambar kalmar a jerin Strong, wato jerin da ya ba kalmomin Ibrananci da Helenanci na Littafi Mai Tsarki lambobi: H6923 ta Ibrananci, G5348 ta Helenanci a Tasalonikawa, sannan ki gwada ayar da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ki kula da “let” kuma a Romawa 1:13, ita ce a can take nufin hanawa.