Kano zuwa Guangzhou: ta Addis ko ta Alkahira, wanne ya fi kusa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Mahaifina ya ce bana ni zan je Guangzhou ta ƙasar Sin sarin yadi a madadinsa, saboda ƙafarsa ba ta ɗaukar dogon zama yanzu. An ba ni zaɓi biyu, ta Addis Ababa ko ta Alkahira. Da na duba taswira sai na ga Alkahira tana can sama, kamar mutum zai yi kwana ne ya dawo. Don Allah, kilomita nawa ne ainihin nisan, kuma wacce hanya ta fi gajarta? Ban taɓa wuce Jidda ba.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Taswirar ce ta ruɗe ka, ƙanena. Duniya a dunƙule take, taswira kuwa shimfiɗe ta aka yi. Ka samu ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta, ka ɗora zare daga Kano zuwa Guangzhou ka ja shi ya miƙe. Za ka ga ya bi ta Chadi, arewacin Sudan, Saudiyya, ya haura har kusa da Delhi kafin ya gangaro kudancin Sin. Tsawonsa kusan kilomita 11,000.

Ta Alkahira: kimanin 3,100 daga Kano, sai kimanin 8,000 zuwa Guangzhou. Ta Addis: kimanin 3,300, sai kimanin 8,000. Ka ga wadda kake gani ta yi kwana ita ce ma ta ɗan fi kusa, amma ratar ba ta wuce tafiyar minti ashirin a sama ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, Malam ya yi maka lissafi daidai, amma ba kilomita ke gajiyar da mutum ba, zaman jira ne. A sama awa 15 ne ko sama da haka kaɗan duk ta inda ka bi. Abin da za ka duba a tikitin shi ne awa nawa za ka yi a filin jirgi kafin na biyu ya tashi, da kilo nawa aka yarda ka ɗauko a dawowa. Kai da za ka yi saye, wannan na biyun ya fi komai.

Kuma agogon Sin ya riga namu da awa 7. Lokacin saukar da aka rubuta na can ne, kada ka lissafa da na Kano ka tsorata. Ka riƙe wannan wajen sallolinka ma.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. A watan Oktoba nake so in tafi, akwai matsala?

Hajiya Mai Atamfa:
Lokacin babban baje kolin Canton ne da ake yi a Guangzhou, otal na tsada. Ka kama ɗaki tun kana gida, wajen unguwar Xiaobei, akwai masu abincin halal da yawa a nan. Allah Ya kai ka lafiya.