Neman kalma: me za mu kira UX da Hausa kafin Asabar?

Maizane: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar da ƙarfe 10 za a fara darasi ta Zoom ga masu zane a kwamfuta, irin waɗanda hannunsu ya faɗa a CorelDraw wajen katin biki da fosta, yanzu suna son koyon tsara manhaja. Da Hausa nake rubuta takardar darasin, shafin farko kuwa ya tsaya cak a kan "user experience", wato UX a taƙaice. Na'urar fassara ta ce "ƙwarewar mai amfani", amma hankalina bai kwanta ba. Ga kuma wayafirem da furototaif suna jira. Gobe Juma'a da dare nake so in rufe takardar.

Uwar Manhaja: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yar da "ƙwarewa" tun da wuri, ita ta wanda ya iya abu ce. Tsohuwar da ta buɗe manhaja za ta tura wa jikanta dubu biyar, ta rubuta lambar asusu, sai maɓallin "aika" ya ɓuya a ƙarƙashin madannan rubutu, ta yi ta dangwala har ta haƙura, abin da ya same ta ɗin nan shi ne UX, alhali ba ta ƙware a komai ba. Masanin zane Don Norman da ya yaɗa kalmar lokacin da yake Apple a 1993 yana nufin duk abin da mutum ke cin karo da shi, har da takardar bayanin da ke cikin kwali. Ni dai "gamsuwar mai amfani" na gani.

Ɗan Damagaram: Hajiya, gamsuwa gefe ɗaya ce. UX akwai mai kyau akwai mummuna, kuma babu Bahaushen da zai ce "mummunar gamsuwa". Mu ma nan Faransanci ya ɗana mana irin wannan tarko da kalmarsa. Ku duba "mu'amalar mai amfani". Tana ɗaukar kyakkyawa, tana ɗaukar mummuna, mai sana'ar kuma ya zama "mai tsara mu'amala".

Dattijo: To, an fara. Mun gudo daga Turanci mun faɗa Larabci. Hausa ta ƙare ne? Muna da ganau, muna da jiyau. Wanda ya taɓa abu da hannunsa ya ji daɗi ko ɗacinsa, ai ɗanɗanawa ya yi. Kalmar ita ce ƊANƊANAU. Gajera ce, tamu ce, ko yaro ya ji ya gane.

Bakatsine: Allah ya gafarta Malam, awon da ka ɗauko shi ya kayar da kai. Ganau mutum ne, wanda ya gani. Jiyau mutum ne. Ashe ɗanɗanau ma mutum ne, wato mai amfanin, ba abin da ya same shi ba. In Maizane ya rubuta "za mu gyara ɗanɗanau", tsohuwar Hajiya ce za a gyara. Sannan "kalma" da kake nema, da "darasi", da "manhaja", duk daga Larabci suka shigo, ba wanda ya kore su. Manhaja ma a da tsarin karatun makaranta kawai muka sani da ita, yau kowa na kiran abin da ke cikin waya da ita.

Dattijo: Waɗancan kakanninmu ne suka aro, sun tauna sun haɗiye. Ku kuwa kasala ce ke damun ku. Duk abin da wani a gidan rediyo ya faɗa sau biyu, shi ke nan ya zama doka.

Ɗan Damagaram: Wannan kam gaskiya ne, Baba. Kullum a Kano da Kaduna ake yanke hukunci, mu sai dai mu ji a sama. Ko harafin ƴ da muke rubutawa ku 'y kuke sawa, kuma ba a taɓa tambayar mu ba.

Bakatsine: Kada ka haɗa da Katsina, mu ma jiyau ne.

Yar Figma: Don Allah iyayena a dawo kan takardar. Ni ina ganin kada a cire haruffan UX ko me aka zaɓa. Ɗaliban nan daga darasin Asabar intanet za su wuce. Kwas ɗin UX na Google da ke shafin karatu na Coursera da kashi 7 ya fara a 2021, ana ƙiyasta masa wata 6 in mutum na ba shi kamar awa 10 a mako, kuma ba da Hausa yake ba. Tallan aiki ma UX ake rubutawa. Wanda ya san "ɗanɗanau" kaɗai, me zai rubuta a wurin bincike?

Dattijo: 'Yata, da wannan hujjar aka hana mu kalmomi da yawa. Sai yaushe za a fara?

Uwar Manhaja: Bari in sauke wa Maizane sauran biyun kafin dare ya yi. Wayafirem "ƙwarangwal" ne, kuma sunan da kansa darasi ne. A manhajar zane ta Figma a buɗe allo mai faɗin 360 da tsawon 800, a zana akwatuna masu ruwan toka kawai, inda hoto zai zauna a ja layi biyu su gitta juna. Babu launi, babu tambari. A nan masu zanen fosta ke faɗuwa, domin hannunsu ya saba farawa da ado. Da zarar an sa launi, mai aikin zai kwashe awa guda yana gardama kan wane kore ya fi, ba wanda zai lura cewa sai an wuce allo bakwai kafin a biya kuɗi.

Amma rubutun cikin maɓalli a sa na gaske tun daga ƙwarangwal. Jimlar Hausa ta kan fi ta Turanci tsawo, sai ta tsallake gefen maɓalli. Kuma "ka manta kalmar sirri?" ya bar mata a waje, "an manta kalmar sirri?" ya game kowa. A gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a salon rubutun da aka zaɓa, wasu ba su da su, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban ko ya koma akwati. Salon Noto Sans na da su duka.

Yar Figma: A ƙara masa lambobi biyu. Wurin da yatsa zai taɓa kada faɗinsa da tsawonsa su gaza 48 bisa ƙa'idar Android, 44 a ta Apple. Bambancin hasken rubutu da bayansa kuma aƙalla 4.5 da 1 ga ƙananan haruffa, bisa WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet. Ruwan toka a kan fari yana da kyau a ofis, amma a fita da wayar tsakar rana a gani. Furototaif kuwa "samfurin gwaji": an haɗa allunan, ana dannawa suna tafiya, amma babu injin komai a ciki.

Bakatsine: Na yarda da samfurin gwaji. Ana miƙa shi ga mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000 cewa biyar kan tono wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. A ba mutum aiki, misali "sayi katin waya na ɗari biyar", sannan a kame baki. Kada a nuna masa maɓalli, kada a tambaye shi ko zanen ya yi kyau, don kunya za ta sa ya ce ya yi. Inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, nan za a rubuta. Af, Malam, ga gurbin kalmarka! Waɗannan mutum biyar ɗin su ne ɗanɗanau. A nan awon ya zauna daram.

Dattijo: Na kawo ta don sarauta kun ba ta dogari. To, ba komai. Amma mu'amala dai ban sa hannu ba.

Ɗan Damagaram: Ni ma akwai inda take min ƙaiƙayi. In an zo darasin da ke magana kan dannawa da amsawar allo kaɗai, shi ma mu'amala za a kira shi, sai su yi karo.

Maizane: Wannan sai mako na uku, za mu sake zama. Ga abin da na rubuta: "mu'amalar mai amfani, wato UX" a shafin farko, daga nan UX kawai. Ƙwarangwal, samfurin gwaji, ɗanɗanau. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, jam'insa fa? Ɗanɗanau biyar zan ce?

Dattijo: Ka taɓa jin an ce ganawa biyar? Bar shi yadda yake.