Gunjin janareta yana shiga muryoyin fim ɗinmu

Salama, 'yan'uwa. A sansanin horon matasan coci muna koyon ɗaukar sauti, kuma fim ɗin labarin Ɗan Ɓatacce ya tsaya cak. Da an tada janareta, sai wani gunji na 50 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne) ya shiga rikoda, a ƙarƙashin kowace magana. Makirfon kan sanda yake, wayar XLR (wadda ke haɗa makirfo da rikoda) mita 10, rikoda da fitilu a soket ɗaya.

Mun canja waya, mun raba ta da wayoyin wuta, mun yanke duk sautin da ke ƙasa da 80 Hz. Amma gunjin 100 Hz da 150 Hz yana nan, muryoyin kuma sun sirance. Idan muka ba rikoda wuta da batir, tsit, babu gunji, amma wutar 48V da rikoda ke ba makirfo tana cinye batirin kafin a gama fitowa ɗaya.

Shin ba rikoda wuta daga fawa-banki zai kashe gunjin nan gaba ɗaya?