Ƙuri'un tsiraru da ra'ayin kowa

A wata tattaunawa kan ko ƙuri'ar mambobi ƙalilan na wakiltar ra'ayin kowa, masu tattaunawar sun haɗu a kan cewa shiru ba yarda ba ne. Idan mambobi ƙalilan suka kaɗa ƙuri'a a hukumomin raba adireshin intanet, irin su AFRINIC da RIPE NCC, sakamakon na iya halatta bisa ƙa'ida, amma kada a kira shi ra'ayin kowa. Shawararsu: a ƙayyade mafi ƙarancin masu zaɓe tun da wuri, a kuma bayyana yawan waɗanda suka cancanta amma ba su fito ba.

Wasu sun kawo misalin IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin fasahar intanet, inda ƙidayar ƙuri'a ba ta yanke hukunci. Shugaban zama ne ke duba ko an amsa hujjojin masu adawa. Wannan ya fi kwanta mini, sai dai yana cin lokaci, kuma shugaba mai son zuciya na iya murɗe shi.