Neman kalma: me za mu kira "trop-perçu"?

Tafinta, Tawa: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 7 na safe ina da shiri a rediyo, kuma kalma guda ta tsaya mini. Labarin wata dokar Amurka ce ta 1962, wadda ta wajabta wa ɗan kwangila ya sa hannu cewa alƙaluman kuɗin da ya kawo sahihai ne, cikakku, kuma na yanzu. In an gano akasin haka, gwamnati ta rage farashin, ta karɓo abin da ta biya fiye da ƙa'ida har da kuɗin ruwa. Wannan kuɗin, da ake kira "trop-perçu" da Faransanci, me sunansa da Hausa?

Ɗan Adar: Aringizo mana. Haka muka riƙa cewa a 2020, lokacin binciken kwangilolin ma'aikatar tsaron Nijar.

Hajiya, Yamai: A'a ɗana. Aringizo shi ne surfacturation, da gangan ake yinsa. Na daɗe ina duba takardun biya. Na taɓa kama takardar siminti da aka rubuta farashin bara, alhali buhu ya sauka. Mai ita bai yi niyyar cuta ba, amma sai da ya maido kuɗin. Ka ce "rarar biya".

Malamin makaranta: Hajiya, rara ai alheri ce, abin da ya saura a tukunya. Ni nawa "aman kwangila". Wanda ya ci abin da ba nasa ba, amayarwa yake.

Hajiya, Yamai: Malam, mutane na shan koko a lokacin. Kuma ka yanke wa mutum hukunci tun ba a je kotu ba.

Malamin makaranta: Ɗalibaina sun gane shi nan take. Abin da ke ɓata mini rai ma, kwangila da farashi duk aron Ingilishi ne daga Kano. Yaushe Hausar Nijar za ta tsaya da ƙafarta?

Ɗan Adar: To mu ce "marshe"? Shi ma na Faransa ne. Je ka kasuwar Konni ka ji wanne ke bakin mutane.

Malamin makaranta: Kasuwa ba makaranta ba ce.

Tafinta, Tawa: Don Allah dare ya yi. Da farko zan ce "kuɗin da gwamnati ta biya fiye da ƙa'ida", daga nan in riƙe "rarar biya". Aringizo sai inda aka tabbatar da ganganci, don a can dokar ninka kuɗin take yi.

Malamin makaranta: Ka yi da ita gobe. Ni a aji ban janye tawa ba.